Ƙwaryar da Ta Sha Fenti

Na dawo daga Damagaram da takardar shaida ɗaya, da kaye, wato littafi, cike da rubutu, da kan da ya fi ƙarfin hulata. Kwana biyar kacal na yi a can. Wani proje na masu ba da tallafi ne ya tara mu, mu masu sana'ar hannu, a ɗaki mai sanyi, aka kawo wani mushe, wato malamin boko, yana koya mana yadda mutum zai ci gaba da sana'arsa. Ya ce kada ka yi abin da kowa ke yi, ka fito da naka daban, ka sa kayanka su ja ido. Na rubuta wannan, na ja masa layi biyu a ƙasa. Don kada in ɗauki alhakin bawan Allah, ya yi wata magana a kan sanin mai sayen kayanka, amma bayan shinkafar rana ya yi ta, ni kuwa lokacin ina gyangyaɗi.

Sana'ar gidanmu zanen ƙwarya ce. Tun kafin a haife ni mahaifina yake zama gindin wani gawo a kasuwar Guci, matan ƙauyuka da Fulani masu nono suna zuwa wurinsa. A shekarar nan yanar ido ta rufe masa gani, har ba ya bambance mutum da turmi sai an yi magana. Bayan dawowata ya kira ni, ya lalubo 'yar wuƙarsa ta zane mai baƙar ƙota, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Aro na ba ka," in ji shi. "Mutanena suna nan zuwa gindin gawo. In ka riƙe mini su har kaka, ta zama taka. In sun watse, ɗan ƙanena na Sassumbrum ya daɗe yana son ta."

Na ce, "Baba, riƙewa kawai? Ai sai sun ninka."

Bai ce komai ba. Ni a lokacin na ɗauki shirun nan yabo ne.

Washegari na hau moto, wato babur, na tafi Magariya, na sayo fenti ja da shuɗi da ruwan zinariya, da man nan mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa kujera. Na zauna na zana ƙore da ƙoƙuna da ludaya, sannan na bi su da fenti ciki da waje, na bi fentin da man ƙyalli har sau biyu. Wallahi sun yi kyau, har yau ba zan fasa faɗa ba. In ka leƙa cikin ƙwarya sai ka ga fuskarka, ni kuwa a kwanakin nan ba abin da nake son gani kamar ta. Na ɗauki hotuna na tura wa abokan da muka yi karatun tare, suka yi ta yabo. Ban tsaya na tuna cewa a cikinsu babu mai saniya ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa na jera kaya gindin gawo, na sa baƙin tabarau. Mutane suka taru, na ce a raina to ga jan idon da aka faɗa. Can sai ga wata tsohuwar Bafillatana mai sayar da nono, wadda tun ina goye take sayen ƙwarya wurin mahaifina. Ta sauke kayanta, ta tsuguna, ta ɗauki mafi kyau a ciki.

Duk macen da ta san ƙwarya, gwaji uku take yi mata kafin ta saya. Ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ji ko da tsaga. Ta ɗaga wa rana ta ga ko da huda. Sannan ta kifa hanci ciki ta shinshina, don nono ba ya yafe wari, duk abin da ya tarar a ƙwarya sai ya ɗauka. Na san wannan sarai, a gabana ake yi tun ina yaro, amma kwana biyar a ɗaki mai sanyi sun share shi daga kaina.

Ƙwaryata ta ci gwajin farko, ta ci na biyu. A na uku tsohuwa ta yi atishawa har ɗankwalinta ya zame.

"Ɗan nan," ta ce, "wannan ta nono ce ko ta kalanzir?"

Na cire tabarau, na shiga yi mata bayanin zamani da ci gaba, har da 'yan kalmomin Faransanci don abin ya yi nauyi. Ta saurare ni har na gama.

"To madalla," in ji ta. "Sai dai saniyata ba ta je lakwal ta yi boko ba. Ya jikin tsohon?"

Ta ɗauki kayanta ta wuce wurin wani mai ƙore a bakin masu faifai. Matan da ke tsaye suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta shinshina tukuna, kamar an ce dole sai ta tabbatar da kanta. Kasuwa uku na yi haka. Mutum ɗaya ne ya ɗauki ƙoƙo, wani mai gyaran moto, ya ce zai yi daɗin zuba ƙusoshi. Na yi fushi da Guci gaba ɗayanta, na ce mutanenmu ba su waye ba. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

A gida ban faɗa wa mahaifina komai ba, kamar warin fenti bai cika gidan ba. Ran nan da hantsi yana zaune a zaure, ya ce in kawo masa ɗaya ya gani. Na kawo masa mai ruwan zinariya. Ya ɗora ta a cinya, ya bi bayanta da yatsu a hankali, ya zagayo, ya sake zagayowa. Fenti da mai sun cike ramukan zanen duka, ƙwarya ta zama sumul.

"Ina zanen?"

"Yana nan, Baba, ƙarƙashin fenti. Sai ƙyalli yake."

Ya daɗe yatsunsa na neman abin da ba za su samu ba.

"Da ido ya tafi na ce alhamdu lillahi, an bar mini yatsu, zan riƙa ganin aikinka da su," in ji shi. "Ashe su ma za ka toshe mini."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har da baƙin ciki, don ban ko tuna da shi ba lokacin da nake shafe-shafena. Na ajiye wuƙar kusa da ƙafarsa. Ya taɓa ta, ya turo mini, ya ce ai kaka ba ta yi ba tukuna.

Na koma inda na baro. Na jiƙa sabbin ƙore a ƙasari har ɗacin ya fita, na kankare, na shanya, na yi zane yadda aka koya mini. Abu ɗaya na ƙara daga kaina, layin zangarniyar gero a gefen baki. Sai da tsohuwar nan ta wuce ni kasuwa biyu kafin ta tsaya. Ta ƙwanƙwasa, ta ɗaga, ta shinshina.

"Wannan layin ba na babanka ba ne."

"Nawa ne, Inna."

"To, nono ba zai ƙi shi ba," ta ce, ta ɗauka. Sauran suka dawo a hankali, ba duka ba.

Yanzu har ni ake kira in ba matasa masu sana'a shawara. Nakan ce su fito da nasu sabo, amma su fara kai shi hancin wanda zai yi aiki da shi. Kuma nakan roƙa a ba ni magana kafin abincin rana.

A waccan shekarar, da aka fara girbi na kai wa mahaifina ƙwarya ɗaya. Yatsunsa suka bi zanen, suka tsaya wani wuri.

"Nan hannunka ya yi rawa."

Haka ne kuwa. Ya ci gaba har ya iso layin zangarniya, ya bi shi sau uku. Sannan ya ce a dama masa fura a cikinta, kuma a aika wa na Sassumbrum ya nemi maƙeri, wannan wuƙar ta samu mai ita.

Da ƙwaryar nan ya sha fura har Allah ya karɓi abinsa. Tana nan wurina. Wurin da hannuna ya yi rawa ya fi ko'ina baƙi, don nan yake ɗora babban yatsansa kullum.