Ɗawisun da Malam ya bari

Lokacin da maigidana yake raye ban taɓa son tsuntsun nan ba. Malam ya tafi Mai'adua sayar da bijimai, ya dawo mana Daura da ɗawisu biyu a kwando. Macen ba ta shekara ba ta mutu. Namijin ya zauna mana a tsakar gida, ba ƙwai ba nama, sai ihu da kashi a kan tabarmata. Na sha cewa, "Malam, wai me wannan mai girman kan yake tsinana mana?" Ya yi dariya ya ce in bar masa abinsa.

Malam ya rasu da tsakiyar damina. Ranar da gida ya cika da masu gaisuwa, na sa aka kama ɗawisun aka cusa a akurkin kaji don kada ya dami mutane. A nan na mance da shi. Bayan sadakar arba'in yara suka koma Kano da Katsina wajen aikinsu, maƙwabta suka rage shigowa, ni kuwa ina takaba, ko ƙofar zaure ba na leƙawa. Sai in wuni ban ji muryar kowa ba in ba ta ladan ba.

Wata safiya ina shara na ga dogayen gashin jelarsa a zube bakin akurki. Na duƙa na leƙa. Yana rakuɓe a cikin danshi, fukafukai a sake, ga zawo ya ɓata masa baya. A gidan nan duka, shi kaɗai ya rage cikin abin da Malam yake ciyarwa da hannunsa, ga shi ina neman kashe shi da sakaci.

Na yi masa abin da muke yi wa kaji. Na jiƙa barkono da sassaƙen maɗaci na ɗura masa. Ya dube ni da idon nan nasa na raini, ya fesar. Kwana biyu ba sauƙi, sai na roƙi maƙwabciyata ta kira mini likitan dabbobi, ta kuma tsaya tare da ni da ya zo.

Ya juya tsuntsun, ya buɗe bakinsa, ya shafa ƙirjinsa da ya zama ƙashi zalla.

"Hajiya, zubar gashin ba ciwo ba ne, duk kaka haka suke yi, zai sake fitowa. Ciwon tsutsar ciki ce, daga kaji ya ɗauka. Wa ya sa shi a wannan ramin?"

"Ni ce," na ce. Kunya kamar in nutse.

Ya ba shi magani, ya ce a raba shi da kaji, a yi masa wuri mai faɗi da tsawo, da raga har sama saboda karnuka da muzuru, a zuba yashi busasshe, a gitta masa itace can sama don ba ya kwana a ƙasa. Rumfar da Malam yake ajiye babur na sa aka kewaye. Kullum in canza ruwa, in yanka masa ganyen zogale da yakuwa, in zuba toka a kusurwa ya yi birgima. Har hira nake masa. Ina ba shi labarin wanda ya bugo waya da wanda bai bugo ba, shi kuma yana tsattsagar gero ko a jikinsa.

Ya warke. Kafin bazara jela ta dawo fiye da da, ni ma na daɗe da fita takaba. Sai ya fara abin da ya hana ni sukuni. Ya buɗe jelar nan gaba ɗaya, ya karkaɗa, ya juya dama ya juya hagu, a gaban turmi. Turmi fa! Ya gaji ya yi kira, ya karkata kai yana sauraro, ba mai amsawa. Na san wannan sauraron, don ni ma ina yin sa duk sanda iska ta taɓa ƙyauren zaure.

Likita ya ce wannan kam ba na allura ba ne, mace yake nema. Akwai wani aminin Malam a Mai'adua mai lambu da ɗawisu mata uku. Sati uku ina juya maganar kai shi can, ina cewa gobe. Ba na so, gaskiya ke nan. In ya tafi, da wa zan yi magana?

Ranar wata Lahadi na aika a gaya wa mutumin. Ya zo da kansa, muka naɗe tsuntsun a tsohon zanena, ya rungume shi a bayan mai babur, jelar tana reto har suka sha kwana. Ko kuka bai yi ba, ɗan butulu.

Na koma ciki na share rumfar tas, na wanke kaskon ruwa. Sai da na cika shi fal na ajiye a inuwa, sannan na tuna babu mai sha.