Saratu da Kokawar Ɗanmu Nura

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Saratu a nan Riyad. Ni direba ne a unguwar Ulaya, ban saba rubutu a jarida ba. Amma bana ɗanmu Nura ya kammala digirinsa a Amurka, ana ta taya ni murna, alhali yabon nata ne.

A unguwar Manfuha aka haifi Nura, Larabcinsa ma ya fi Hausarsa. Yana sakandare wani malamin motsa jiki, ɗan Masar, ya ga ƙirarsa ya kai shi kulob ɗin da ake koyar da kokawar kan katifa. Saratu 'yar Argungu ce, mahaifinta ya yi tashe a kokawar gargajiya, saboda haka ba ta ɗauki abin wasan yara ba. Kuma ta hango abin da ke tafe: iƙamar yaron, wato takardar izinin zamansa, a ƙarƙashin tawa take, idan ya girma dole ya nemi nasa kafilin da zai tsaya masa ko ya bar garin da bai san wani ba sai shi. Kuɗin jami'a kuwa ya fi ƙarfin direba.

Malamin ne ya gaya mana akwai kwalejoji a Amurka da ke ɗaukar nauyin karatun 'yan kokawa, sai dai babu kocin da zai taso daga can don kallon yaro a Riyad. Dole a aika masa bidiyo da sakamakon makaranta. Ni kullum ina kan hanya, sai Saratu ta ɗauki aikin. A lokacin ba a daɗe da fara barin mata shiga zauren wasa ba. Bidiyon farko da ta ɗauko, babu komai a ciki sai takalminta da salati, domin da zarar an ɗaga Nura sama sai hannunta ya sauka. A hankali ta koyi dafe gwiwar hannu a kan kujera ta daure. Macen da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba, ranar da ya yi kaye a wasan ƙarshe na makarantu duk zauren ya ji ta ƙwala “Nura!”

Sun aika wa kococi da yawa, akasarinsu shiru. Ɗaya ya amsa daga wata ƙaramar kwaleji, ya ce ba ya son guntayen da aka tsinto, cikakkun wasanni yake so. Nura ya so ya ɓoye waɗanda aka kayar da shi. Ta ce, “Aika masa har da su. Kakanka ma an sha kai shi ƙasa. Mutumin nan so yake ya ga yadda kake tashi.” Da ya faɗi jarrabawar Turanci kuma, ta hana shi zuwa kulob har sai da ya sake zama ya ci. Ya yi fushi, ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da ita lokacin da kocin ya ce ya ba shi gurbi da tallafi. Nura ya ce ba zai tafi ya bar ta a asibiti ba. Ta dube ni ta ce, “Malam, ka gaya wa yaron nan ban sha wahalar nan don ya zauna yana kallona ba.” Ba ta ga tafiyarsa ba. Allah Ya karɓi abarsa kafin bizar ta fito.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Mata na tuƙa kansu zuwa zauren wasa, iyaye 'yan uwanmu na tare ni a kasuwar Batha suna tambayar yadda aka yi. Nura bai zama zakara a can ba, kafaɗarsa ta ba shi matsala, amma kocin bai yar da shi ba, ya kuma karanta aikin gyaran gaɓoɓi. Ina jin da ta yi murmushi ta ce dama ba kofi ta aike shi nema ba. Ina gode wa malamin nan ɗan Masar, da kocin da ban taɓa gani ba, na kuma gode wa Allah da Ya haɗa ni zama da ita.

Da azumin bana Nura ya zo, muka je maƙabarta. Kaburburan nan ba a rubuta musu suna, layukan kuma sun ƙaru har na rasa gane wurin. Ya ce, “Baba, wanne ne nata?” Na ce ban sani ba. Sai ya ɗaga hannu ya ce, “To mu yi wa dukansu addu'a. Da tana nan, ba za ta yarda a ware ta ita kaɗai ba.”

Allah Ya jiƙan Saratu da maƙwabtanta na wannan layi.