Mai Tawada, Wanda Bai Yarda a Ce Masa Mai Katun Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, ƙaninka ya kira ni ya ce ka cika. Ina zaune a ɗakin aikinmu lokacin, na dafa shayi kofi biyu kamar kullum.

Mai Tawada, tun muna samari muke aiki tare a gidan jarida, kai kana zane, ni ina rubuta maganganun da ake sa wa mutanen zanenka a baki. A ranar da na fara aiki na ce maka katun ɗinka ya yi kyau. Ka ajiye alƙalami ka ce, "Abokina, zauna. Katun zane ɗaya ne, ya yi tsokanarsa, a yi dariya a wuce. Har masu motsi na talabijin haka ake kiransu. Nawa komik ne: zane-zane a jere, kowanne a gidansa, ba ka gane na uku sai ka ga na biyu." Daga edita har mai gadi ba wanda bai sha wannan karatun ba. Muna yi maka tsiya, kana dariya, amma ba ka taɓa dainawa ba.

Ban san nauyin maganar ba sai da 'yata ta kwanta asibiti tana ƙarama, ta daina ci, ta daina magana. Na roƙe ka ka zana mata wani abin dariya. Ka ce a'a, dariya sau ɗaya ba za ta ishe ta ba. Sai ka fara kawo mata labarin wata akuya da ta ɓace a kasuwa, kullum shafi ɗaya, kana tsayawa daidai inda ya yi daɗi. Ranar da ta buɗe baki, ba ni ta kira ba. Cewa ta yi, "Ina Baffa? An ga akuyar?" Yau tana da 'ya'yanta.

Da jarida ta rufe shafinmu, muka koma wannan ɗan ɗaki a bayan maɗaba'a. Abokan zamaninmu suka watse, wasu suka rasu. Hannunka ya fara rawa, kana riƙe shi da ɗaya hannun kana jan layi, ba ka taɓa yin ƙorafi ba.

A wurin gaisuwa wani ya ce, "Allah ya jiƙan mai katun." Na waiwaya ina jiran ka gyara masa. Ba wanda ya gyara. Ni ma na kasa.

Har yanzu ina zuwa ɗakin. Teburinka mai gangare yana nan, tawada ta bushe a kwalba. Nakan rubuta magana in karanta da ƙarfi, babu mai ce mini ta yi tsawo, ba za ta shiga gidan zanen ba. Maiɗakinka ta ce in riƙe mabuɗin. Na riƙe, sai dai ban san wa zan buɗe wa ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙannenka. Allah ya ba ku haƙuri. Idan kuna yi wa kanku addu'ar dangana, ku sa da ni.