Gem ɗin da Baba ya sayo wa Nafi'u a Maigatari

Daminar bana ce ta ashirin da bakwai da rasuwar yayana Nafi'u. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru, domin an koya mana cewa mamaci addu'a yake bukata, ba surutu ba. Bana zan haɗa biyun. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mutanen da nake jin haushinsu da yawansu suna nan da ransu a Gumel, wasu har sun yi jikoki. Wanda bai iya karatu ba a cikinsu, jikansa ya karanta masa.

Yaran yanzu ba su san gem irin na lokacinmu ba, bari in ɗan yi musu bayani. A farkon shekarun casa'in, sa'ad da aka yi mana sabuwar jiha ma'aikata suka cika gari, wani ɗan akwatin roba ya shigo gidajen masu ɗan hali. A jona shi da talabijin, a soka masa kaset ta sama, yara biyu su riƙe hannuwansa masu waya su yi ta dannawa har a ɗauke wuta. Kusan duk na unguwarmu iri ɗaya ne, fari da ja, kaset ɗinsa ruwan ɗorawa. Daɗin abin kuwa a musaya yake: ka ba ni na tseren mota, in ba ka na faɗa, bayan kwana biyu kowa ya karɓi nasa. Akwai kuma wata ɗabi'a da ba wanda ya koya mana ita. Idan hoto ya daskare ko ya cika da zane-zane, sai a zare kaset a kai shi baki a hura masa iska da ƙarfi, fuu-fuu, a mayar. Kaset ɗaya sai ya zaga gida goma, kowane yaro ya fesa masa nasa yawun, mai mura da mai tari da wanda ya gama lasar kwanon miya. Ban taɓa jin uwar da ta ce uffan ba.

Nafi'u yana da farfaɗiya tun yana ɗan aji biyu. Shekara huɗu ya ba ni. Dogo ne siriri, mai tsokanar tsiya. Shi ya sa mini suna Bakin Ganga saboda surutuna. Ciwon kan zo masa jefi-jefi, ya faɗi, jikinsa ya yi ta karkarwa, kumfa ta fito masa a baki, can ya farfaɗo a gajiye. Sauran kwanaki lafiyarsa lau. Amma a unguwarmu an yanke hukunci tun kafin a haife shi, cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, to ya ɗauka. Don haka ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, a makaranta benci guda nasa ne shi kaɗai, idan ya sha ruwa a gidan mutane sai a bi moɗar da toka. Abin da yake nema a duniya bai taka kara ya karya ba. Yaro sa'ansa yake so, wanda zai zauna kusa da shi ba tare da ya ja jiki ba.

Ya ɗan samu ɗaya, Garzali, ɗan maƙwabtanmu, wanda babansa ya saya masa gem. Idan babarsa ta fita unguwa yakan kira Nafi'u su buga. Wata rana suna cikin wasa hoto ya daskare, Nafi'u ya yi abin da kowane yaro yake yi, ya zare kaset ya hura. Daidai nan matar ta dawo. Ina tsakar gidanmu ina wanke-wanke na ji ihunta, na ɗauka gobara ce. Ta sa tsumma ta ɗauki kaset ɗin ta jefa a masai, ta wanke wa ɗanta hannu da baki da toka, sannan ta leƙo ta kan katanga ta ce da Ummanmu, "Maman Nafi'u, don Allah ki tsare ɗanki a gida. Mu ba mu da ƙarfin jinya." Nafi'u ya shigo bai yi kuka ba. Baba yana ƙofar gida yana wanke motarsa, ya ji komai da kunnensa.

Baba direban tasha ne, yana jigila tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar kasuwar da ta biyo baya ya dawo da kwali a hammata. Muka buɗe, sai ga gem, amma wani iri: baƙi, mai nauyi, duk rubutun jikinsa Faransanci. Ya ce a wurin wani ɗan Damagaram ya saya. Kaset uku ne a ciki, masu faɗi kamar tafin hannun babba, kuma babu na huɗu a duk faɗin ƙasar Gumel. Sai da mai gyaran rediyo ya sauya masa kan waya kafin ya kama, kuma ko a talabijin mai kala, baƙi da fari yake nunawa. Yaran unguwa suka leƙo daga bakin ƙofa, suka ga kaset ɗinmu ba ya shiga nasu, nasu ba ya shiga namu, suka kwashe da dariya suka sa masa suna gem ɗin Faransa. A tasha ma Baba bai tsira ba. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya cewa ɗan Damagaram ya yi masa sakiyar da ba ruwa. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai ni ba ɗan boko ba ne, akwati na gani na sayo."

Shekara biyar muka yi muna buga kaset ukun nan. Ɗaya na jirgi ne mai harbin duwatsu, ɗaya na wani ɗan mutum mai hawa tsani yana gudun wuta, na ukun na ƙwallo ne, kuma shi dole sai mutum biyu. Ni ce ta biyun. Ban iya ba ko kaɗan, yakan bar ni in ci uku tukuna, sannan ya yi mini ruwan ƙwallaye yana dariya. Idan hoto ya daskare, ya hura ya miƙo mini in hura. Da Umma ta kira ni aike, sai ya ajiye nawa hannun gem ɗin a kan tabarma ya ci gaba da buga wa ɗan wasan da ke tsaye ba ya motsi. Kullum ƙofar ɗakin a buɗe take, ya kuma ƙure ƙarar talabijin don masu wucewa su ji. Suna ji sarai. A shekara biyar ɗin nan ba yaron da ya tako ɗakin.

Wata rana haushi ya ishe ni na ce, "Da Baba ya sayo irin na kowa, da yanzu ɗakin nan ya cika." Bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce, "Bakin Ganga, ko na zinare ne ba za su zo ba. Kin taɓa ganin an cuci Baba a cinikin taya, balle akwatin roba? Amma kada ki gaya masa na gane. Bar shi ya ɗauka gem ɗin nake zargi." Lokacin ban fahimce shi sosai ba. Na dai ga duk sa'ad da Baba ya shigo, Nafi'u ya dinga mitar gem ɗin Faransa da ya hana shi abokai, Baba kuma ya dinga tsine wa ɗan Damagaram, su biyun suna dariya.

Yana da shekara goma sha bakwai ya rasu. Da damina ne, da rana tsaka. Akuyarmu ta tsinke ya bi ta bayan unguwa, wajen kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Ciwon ya kama shi a bakin ruwa, ya faɗi rub da ciki, fuskarsa a cikin ruwan da bai kai idon sawu ba. Akwai majalisa a gindin itace kusa da wurin, maza ne manya, masu gemu da carbi. Sun gan shi. Sun taso, sun kewaye shi, sun tsaya. Abin da ake bukata kawai mutum ɗaya ya kama kafaɗarsa ya juya shi. Ba wanda ya yi. Sai suka aiko yaro gidanmu ya kira wani. Umma ta fita ba mayafi ba takalmi, ina bin ta a baya, muka tarar da zobe na mutane da ɗan'uwana a tsakiya ya daina motsi.

Ba na jayayya da ƙaddara. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma kada wanda ya ƙara ɓuya a bayan wannan magana a gabana. Mutanen nan da akuyar ce ta faɗa ruwa, da sun tuɓe riga sun shiga. Su ne kuma suka cika mana ƙofar gida a zaman makoki, suna ta "Allah Ya jiƙan rai, ai ya huta." Ya huta da wa? Aka fito musu da ruwa a kofunan gidanmu, ina kallo ta labule suna miƙa wa juna har kofunan suka koma a cike. Babar Garzali ta fi kowa kuka a cikin gida, kuma da za ta tafi sai da ta ja Umma gefe ta ba ta shawarar a ƙone tabarmarsa da kayan sawarsa. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Na yarda. Sai dai wanda dare ya yi wa yakan nemi fitila, su kuwa ba su taɓa tambayar ko ma'aikacin asibiti ɗaya ba, ga asibiti a cikin gari.

Bayan arba'in na tarar da Baba yana mayar da gem ɗin cikin kwalinsa. A nan ya gaya mini abin da Nafi'u ya riga ya gane. Ya ce irin na yaran unguwa jibge yake a rumfar ɗan Damagaram ɗin, ya ma fi araha. Shi ya ce da mutumin ya nemo masa wanda kaset ɗinsa ba ya shiga na kowa. "Rakiya, da na sayo irin nasu, da ya ɗauki kaset ya bi gida-gida neman musaya, kowa ya kore shi. Gara a ce masa kaset ɗinka ne ba ya shiga, da a ce masa bakinka ne." Ya ɗaure kwalin da igiya, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya tafi bai sani ba." Har Baba ya bi shi bayan shekaru ban gaya masa ba. Dubi abin da unguwa ta mayar da uba da ɗa: kowanne yana yi wa ɗan'uwansa ƙarya don ya rufa masa ciwo.

Nakan tambayi kaina me Nafi'u zai ce da ya ga yau. Na san da ya haukace da murna ya ga ɗana yana buga ƙwallo a waya da wani yaro a wata ƙasa, ba wanda ya tambayi wani lafiyar bakinsa. Da ya samu abokan wasa fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Amma da ya ajiye wayar ya fita titi, ban ga abin da zai ba shi mamaki ba. Gem ɗin ya daɗe da lalacewa, beraye sun cinye wayoyinsa. Abin da ya rage na Nafi'u ni ce. Shekara biyar ina sa bakina inda ya sa nasa, ga ni na haura arba'in, na haifi biyar, ban taɓa faɗuwa ba, ba kuma wanda ya faɗi a cikin 'ya'yana. Duk mai neman hujja ya zo ya dube ni.

Watan jiya ina tashar Gagarawa ina jiran mota ta cika, wata budurwa mai tallar gyaɗa ta yanke jiki ta faɗi. Nan da nan aka yi mata zobe, irin wancan sak. Bambancin kawai, na yanzu wayoyi ne a hannunsu suna ɗauka. Na ture wani ƙato na durƙusa, na juya ta gefe, na ɗora kanta a cinyata. Wata dattijuwa ta dafa ni tana cewa, "Hajiya, ki rufa wa kanki asiri, kumfar na zuba a jikinki." Na ce, "Iya, ta zuba. Na san ta tun ina yarinya."

Da yarinyar ta farfaɗo, ta dubi mutanen da ke kanta, ta dubi zanina da ya jiƙe, sai ta fara goge shi da gefen hijabinta. Maganar da ta fara fitowa daga bakinta ita ce, "Don Allah ki yi haƙuri." Na riƙe hannunta na ce ba ta yi wa kowa laifi ba. Sannan na ɗaga kai na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda zai karɓe mata wannan kalma, tunda su ya kamata su faɗe ta. Yaron mota ne kawai ya yi magana, ya ce saura mutum ɗaya mota ta tashi.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ni dai har yanzu ban huce ba.