Kwallin da na sa wa 'yar yayata

Tafiyarta na fara lura da ita. Muna zaune a rumfar atamfar yayata a kasuwar Adjamé, 'yarta mai shekara biyar ta taho tana karkata gefe guda kamar ana jan ta da zare. Da safe kuma amai, babu zazzaɓi. Ni da na tashi cikin littattafan soyayya, inda ba a ciwo sai da hannun wani, nan take na zargi matar rumfar da ke kallon tamu. Kullum sai ta ce, “Kai, idon yarinyar nan!” ba ta ƙarawa da tubarkalla.

Likita a Treichville ya ce a yi hoton ƙwaƙwalwa da gaggawa, wanda suke kira IRM. Kalmar hoto kawai na riƙe. Ranar na sa mata kayan salla, na zizara mata kwalli har gefen ido. Aka ce a cire ɗan kunne da laya, muka cire. Ba wanda ya ambaci kwalli.

Ba a daɗe ba mai injin ya fito, ya ce da Faransanci hoton ya yi baƙin tabo, bai san dalili ba, mu dawo jibi. Ko kallonmu bai yi ba.

A cikin gbaka, motar haya, na ce, “Yaya, mutumin nan ƙarya yake. Ko ya ga mugun abu yana ɓoyewa, ko ya ba ɗan masu mota layinmu.”

“Ke komai sai kin mai da shi littafi. Yi mini shiru.”

Kwana biyun nan yarinyar ba ta iya zama sai an tallafe ta. Da muka koma na sake yi mata kwalliya, har na ƙara kwallin don maganin baki. Wata nas, Bahaushiya 'yar unguwar Bracodi, ta ɗaga haɓar yarinyar ta tsaya.

“Tanti, wa ya yi mata wannan? Kwalli da ƙarfe a ciki, injin nan kuwa maganaɗisu ne, sai ya ɓata hoton.”

Ta goge da auduga. Yaya ta dube ni sau ɗaya.

A hoto na biyu likita ya nuna mana ɗakunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sun kumbura, ga ƙari kamar ƙwayar gurjiya ya toshe hanyar ruwan. Ya ce da an ƙara jinkiri, da idonta ya tafi. A makon aka yi aiki.

Yanzu yarinyar ta girma, tana ɗan jan ƙafar hagu. Amare take yi wa kwalliya a Bracodi. Duk sanda na je ta kan ɗaga tandun kwalli ta ce, “Inna, in sa miki, ko kina da asibiti gobe?”