Talatu Mai Masa da Azumin Zakiyya

Duk mai shiga Kasuwar Kure da safe ya san Talatu mai masa. Tun tana budurwa take zama gaban tanda, kuma da wannan sana'ar ta riƙe gida bayan ciwon baya ya zaunar da mijinta Maiwada. Mace ce mai raha, har masu saye kan ce rabin daɗin masar hirarta ce.

Bara rahar ta ragu. Autarta Zakiyya, 'yar aji huɗu a sakandare, ta sa bidiyonta a intanet cikin kayan sallah, wata ta rubuta a ƙasa: "Wannan ai buhun masara ce." Yarinyar ba ta gaya wa kowa ba. Sai ta fara azumin Litinin da Alhamis, Talatu har tana yi wa maƙwabta alfahari. Sannu a hankali azumin ya zama na kullum, buɗa-bakin kuma wani shayin rage ƙiba da ta gani ana talla a waya.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi a makaranta aka farga. Likita ta ce jininta ya yi ƙasa, kuma ba taurin kai ba ne, cuta ce, sai an riƙa kawo ta ana tattaunawa da ita.

Maiwada ya ce a ƙwace wayar. Aka ƙwace, ta koma aron ta ƙawaye.

"Zakiyya, ko loma ɗaya," in ji Talatu, ta tura mata kwano.

"Umma, na ƙoshi."

"Da me kika ƙoshi? Da iska?"

Abin da ya fi ƙona mata rai ya faru a rumfarta. Dorothy mai sayar da atamfa, wadda ake kira Maman Joshua, ta zo sayen masa, ta ga yarinyar duk ƙashin wuya a waje, ta tafa hannu.

"Kai, Zakiyya, kin yi kyau! Me kike sha? Ki gaya wa 'yata."

Talatu ta ajiye cokalin juyi. "Daga asibiti muke, Maman Joshua. Kyan ke nan."

Yanzu tana tashi kasuwa da wuri don su ci abincin rana tare. Wata rana Zakiyya ta ci rabi. Wata rana kuma Talatu ta tsinci tuwon a ƙulle cikin leda a bayan randa, ta tsaya riƙe da shi, ta rasa wa za ta yi wa faɗa.