Rigar Kawu Shu'aibu Ba Ta da Aljihu

A duk zuriyarmu, kawuna Shu'aibu ne kaɗai ya taɓa cin albashi. Sauran 'yan kasuwa ne tun daga kakanmu da ya shigo Garuwa da huhun goro, kowa da rumfarsa a babbar kasuwa, in ka cire ni da na gudu daga makaranta na hau moto, wato babur ɗin haya, ina jigilar fasinja. Kawu kuwa mai awon auduga ne a kamfani. Da kaka yana garin Pitowa bakin sikeli, ya dawo gashin kansa fari fat kamar wanda ya tsufa a hanya.

Albashin nan ne ya ja masa. Banki ba ya kallon ɗan kasuwa komai kaurin aljihunsa, amma mai takardar albashi har kujera ake ja masa. Suka ba shi bashin gina gida a unguwar Jambutu, biya a shekara ashirin, suka riƙe takardar filin. Gida ne mai kyau, ɗaki huɗu da baranda, ga darbejiya a ƙofa.

Ranar tarewa yayansa, Alhaji Abdussalam mai shagon atamfa, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango. Da ya gama sai ya tambaya a gaban jama'a, wai sallar da aka yi a ɗakin da kuɗin ruwa ya gina tana wuce silin kuwa? Aka yi dariya, har da ni. Kawu bai yi ba. Washegari ya je wurin Madam Pélagie, wadda ke kula da bashinsa a banki, ya tambaye ta ko mutum zai iya biya kafin lokaci. Ta ce zai iya, kuma ruwan zai ragu sosai. Daga nan ya rantse sai ya karɓo takardar gidansa a rabin wa'adin, ya kwana a ɗakin da babu sisin riba a bulonsa.

Abinci bai taɓa ba, kuɗin makarantar 'yarsa Nafisatu ma haka, wannan kam a yi masa adalci. Abin da ya yanka shi ne kuɗin aljihunsa. Ya ware wa kansa jaka biyu na sefa a mako, ragowar duk banki. Goro ya tafi, shayin majalisa ya tafi, tsiren yamma ya tafi. Ni kaina na yi asarar fasinja, don ya koma tafiya aiki a ƙasa cikin zafin Garuwa, wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Da ya ga hannunsa na yi masa gardama, yana zura shi aljihu duk sanda wani ya ce Kawu a taimaka, sai ya kai yadi wurin tela ya ce a ɗinka masa riguna ba aljihu. Telan ya ɗauka wasa ne. Jaka biyun nan a cikin hula yake sa su, kuma dattijo ba ya cire hula a gaban mutane.

Da a nan ya tsaya, da mun yi ta tsokanarsa kawai. Amma a unguwarmu ta Hausare kuɗin aljihun magidanci ba nasa ba ne. Na suna ne, na ɗaurin aure, na gaisuwar mutuwa, na dubiya. Ka je, ka kama hannun mai sha'ani, ka bar masa wani abu a tafinsa. Ba mai rubutawa, ba kuma mai mantawa. Ran da naka ya zo a mayar maka, har da ƙari. Kawu ya zauna ya lissafa abin da wannan ke ci masa a shekara, ya ga ya kai biyan banki na wata uku, sai ya soke shi gaba ɗaya.

Zuwa dai bai daina ba. Shi ne na farko a tabarma, shi ne mai doguwar addu'a. In an shafa ya kama hannun mai sha'ani da hannu biyu, ya girgiza, ya ce addu'a ta fi kuɗi, ya sa takalmi. Mutane su ce haka ne, Malam Shu'aibu, mun gode. Ba wanda ya taɓa ɓata fuska. Ni da nake ɗaukar su a moto bayan an watse, ni nake jin sauran maganar a bayan kunnena.

Matarsa, Inna Mairamu, ita ta fi shan wuya. Mata ba sa yafe biki: wadda ta kawo miki turmi ɗaya, biyu take jira. Tana sayar da ƙanƙarar folere, zobonmu na nan, tana ɗan rufa wa kanta asiri da ribar, sai Kawu ya duba takardar wuta ya ce firjin ne ke cinye su, ya sayar da shi ya kai kuɗin banki. Daga nan ta daina fita sha'ani. In an aiko ta ce ƙafa ke damunta. Sau ɗaya na ji ta yi masa magana, ina tsakar gida ina cin tuwonsu.

"Malam, muna da 'ya mace fa."

Ya ce ai saboda ita yake yi, don ta gaji gida mai tsarki. Inna ta ɗauke kwanon gabana tun ban ƙoshi ba, kamar ni na yi maganar.

Ya kuwa cika rantsuwarsa. Shekara tara da 'yan watanni Madam Pélagie ta miƙo masa takardarsa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma ran nan har moto ya hau, ya biya ni ba ciniki. Shagon Alhaji Abdussalam ya ce in kai shi. Ya shimfiɗa takardar a kan atamfofi. Alhaji ya duba, ya ce ma sha Allah, ya juya ya ci gaba da auna wa wata mata yadi.

Ba a rufa shekara ba Nafisatu ta kawo miji, wani malamin makaranta ɗan unguwar Domayo a Marwa, Idrisa, yaron kirki. Aka sa rana. To a wurinmu uban amarya ba ya jiran kuɗi su taru kafin ya yi kayan ɗaki. Bashi yake ɗauka, gado da kujeru wurin kafinta, kwanuka da atamfa a kasuwa, kayan gara wurin mai shago, bayan biki ya biya da gudummawar da aka tara masa. Kowa haka yake yi, Kawu ma haka ya yi. Ajiya ba shi da ita, komai ya tafi banki. Ya je wurin Luc kafinta ya zaɓi gado mai madubi, ya ce 'yar mai gidan kansa ba za ta tare da kayan kunya ba. Inna ta tambaye shi da me zai biya. Ya ce shekara nawa yana zuwa sha'anin mutane, ko na wa ya taɓa tsallakewa?

Ranar ɗaurin aure Hausare kaf ta zo Jambutu. Ban taɓa ganin taro irinsa ba, sai da muka aro tabarmin masallaci. Aka ɗaura, aka yi addu'a mai tsawo, aka ci shinkafar Kawu har ƙanzo. Sannan aka yi layi. Kowa ya kama hannunsa da hannu biyu, ya girgiza, ya yi masa fatan alheri, ya sa takalmi. Ina tsaye kusa da shi ina kallon tafinsa yana buɗewa yana rufewa ba komai. Tun yana murmushi har ya daina. A cikin gida ma haka aka yi wa Inna, sai 'yan kwanuka biyu uku daga danginta na Pitowa.

Alhaji Abdussalam ne na ƙarshe a layin. Shi ya ba da wani abu, jaka biyar, abin da yake ba ɗan maƙwabci.

"Yaya, kai ma?" in ji Kawu, murya ƙasa ƙasa.

"Ni ma me, Shu'aibu? An zo maka. Wa ka ga bai zo ba?"

Amarya ta tafi Marwa da gadonta mai madubi, ba ta san komai ba. Luc ya yi haƙurin wata guda, sannan ya fara zuwa da safe yana zama a barandar Kawu yana gaida masu wucewa. Mai kwanuka ya aiko, mai shago ya aiko. Kawu ya je wurin mutum biyu uku neman rance, kowa ya ce kasuwa ta mutu.

Wata Litinin ya kira ni in kai shi banki. Ya ce mu bi ta bayan filin ƙwallo, kada mu ratsa kasuwa. Takardar gidan na cikin leda a ƙarƙashin rigarsa, ina jin ƙarar ledar a bayana duk ramin da muka faɗa. Na yi niyyar in ce masa ko sallar ta fara wuce silin kafin a mayar da takardar banki, sai na ga fuskarsa a madubi na haɗiye. Na jira shi a inuwa. Ya daɗe. Da ya fito ba leda, ya ce Madam Pélagie ta yi masa kirki ta ba shi sabon bashi, sai dai tunda ritayarsa ta kusa, shekarun biya kaɗan ne, abin da za a riƙa cira duk wata ya fi na da.

A hanyar komawa muka tarar an kafa rumfa a bakin Hausare, ana sunan jikan wani mai goro. Kawu ya taɓa kafaɗata na tsaya. Ya ce, "Ɗan nan, ara mini jaka ɗaya."

Na ba shi daga cinikin safe. Ya shiga rumfar, ya kama hannun mai goron ya sa masa. Mutumin ya buɗe tafinsa a gaban kowa, ya dubi kuɗin, ya dubi Kawu, ya yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙon da ba a san daga inda ya fito ba.